Dunƙule ɓurɓushin ƙarfe: yadda sharar ma'aikatu ke komawa tukunyar narki

Dunƙule ɓurɓushin ƙarfe hanya ce ta matse ƙananan tarkacen da ke zuba yayin da ake fere ƙarfe, ko huda shi, ko yanka shi, ko wasa shi, har su zama curi ɗaya mai tauri da za a iya ɗauka da hannu, a auna a sikeli, a loda a mota, a jefa cikin tanderu. Ba a sa masa ƙaro ko wani abin liƙi, ba a kuma hura masa wuta. Ƙarfin matsa kaɗai ke lanƙwasa ɓurɓushin, ya sarƙe shi cikin juna, ya kori iska da man da ke tsakaninsa. A takardun cinikin da ake rubutawa da Faransanci, ɓurɓushin shi ne copeaux ko tournures, curin kuma briquette. Galibi curin yakan fito da siffar gwangwanin tumatir, faɗinsa daga santimita 5 zuwa 15, gwargwadon girman injin da ya matse shi.

Inda ɓurɓushin ke fitowa

Duk wurin da ake rage ƙarfe don a fitar da wani abu daga cikinsa, akwai ɓurɓushi. Babbar mahaifarsa ita ce injin fere ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira tur. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, masu wannan injin ne ke ceton abin da ba a samun sabonsa a kanti: su fere gangar birki, su faɗaɗa ramin fistan, su sassaƙo sandar injin niƙa, su yi wa injin ban-ruwa sabon zobe, su gyara gatarin amalanke. Ma'aikatun ƙera kayan noma irin su ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram da CDERMA a Doso, da makarantun koyon sana'a irin su makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, an kafa su ne kan irin wannan aiki. Masu haɗa ƙofofi da tagogin sanholo su ma suna tara nasu a ƙarƙashin zarto, fari fat kamar ɓarzajjen gero.

Ɓurɓushin ba iri ɗaya ba ne, kuma siffarsa ce ke faɗin wahalar da zai bayar. Baƙin ƙarfe mai laushi yakan fito dogo, a nannaɗe kamar gashin tunkiya, yana sarƙewa ya zama ƙaya. Ƙarfen zubi, irin na gangar birki da jikin injin mota, ba ya nannaɗuwa. Gutsi-gutsi yake fitowa da baƙin gari mai ɓata hannu, saboda sinadarin gawayin da ke cikinsa. Farar tagulla takan zuba gajera-gajera kamar ƙananan allurai. Sanholo, wanda wasu ke kira gorar ruwa ko alminiyam, ba shi da nauyi, ga cin wuri. Mafi muni shi ne caɓin da ke fitowa daga injin washi, inda garin ƙarfe ke cakuɗe da garin dutsen washin da ruwa da mai.

Dalilin da ya sa ba ya da daraja a sake

Lita guda ta baƙin ƙarfe tsantsa tana da nauyin kilo 7,8. Idan aka cika tano mai cin lita 200, wato duro, da dogon ɓurɓushin da ya nannaɗe, da wuya a samu fiye da kilo 40 zuwa 80. Sauran duk iska ce. Wannan tanon, in da curi aka zuba masa, zai ɗauki rabin ton ko fiye. Mai babbar mota kuɗin tafiya yake karɓa, ba ruwansa da ko ƙarfe ya ɗauko ko iska. Motar da aka loda da sakakken ɓurɓushi takan cika maƙil tun nauyin bai kai rabin abin da take iya ɗauka ba, kuma a ƙasar da ba ta da teku, inda Yamai ke da nisan kusan kilomita 1000 daga tashar jiragen ruwa mafi kusa, kuɗin mota ne ke yanke hukuncin ko kaya za su yi riba. Shi ya sa ƴan gwangwan ke rububin tsohon gatari da fashasshen inji, su yi wa buhun ɓurɓushi tayin wulaƙanci ko su ƙi shi ɗungurungum.

Na biyu shi ne ruwa da mai. Don kada bakin wuƙar tur ya ƙone, ana kwarara masa mai, ko wani farin ruwa mai kama da madara, wanda ruwa ne aka gauraya da mai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ɓurɓushin yakan fito jiƙe da shi. Mai sayen da ya san aikinsa ba zai biya kuɗin ƙarfe a kan ruwa ba, sai ya yanke wani kaso daga nauyin bisa ƙiyasin idonsa, kuma ƙiyasin mai saye ba kasafai yake faɗawa ɓangaren mai sayarwa ba. Ragowar man kuma yana tsiyayewa cikin ƙasar shagon, damina ta wanke shi zuwa kwata.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci ga mai narki, shi ne ƙonewa. Siririn ƙarfe kusan dukkansa fata ne, ko'ina iska na taɓa shi. Baƙin ƙarfe a ajiye tsatsa ke cinye shi, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Sanholo kuwa ba ya tsatsa irin wadda ido ya saba gani, amma da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi. Sanholon kansa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selsiyus, ita kuwa fatar sai zafi ya haura digiri 2000, abin da murhun gawayi ba zai taɓa kaiwa ba. Idan aka watsa sakakken ɓurɓushi a kan narkakken sanholo, ba ya nutsewa, yawo yake a sama yana shan wuta da iska, fatar na ƙara kauri, har ya koma toka mai launin ƙasa da mai zubi zai kwashe da ludayi ya zubar. Curi kuwa yana da nauyin da za a iya danna shi ƙasa, ya narke a inda iska ba ta kai. A manyan tanderun baƙin ƙarfe ma haka abin yake: guguwar hayaƙi na kwashe ƙananan ɓurɓushi ta kai su bututun hayaƙi, wasu kuma su maƙale cikin kashin ƙarfen da ke sama.

Abin da ake ceto ba ƙarami ba ne. Sake narka sanholo yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari kacal na makamashin da ake kashewa wajen fitar da sabo daga ma'adini. Ƙungiyar masu masana'antun ƙarfe ta duniya ta ƙiyasta cewa kowane ton guda na tsohon baƙin ƙarfe da aka narka yana hutar da haƙo tama kilo 1400, da kwal kilo 740, da farar ƙasa kilo 120.

Yadda injin matsa yake aiki

Ilimin da injin ya dogara a kansa tsoho ne. Masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17 cewa idan aka danna ruwan da ke rufe cikin mazubi, dannawar tana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Don haka ƙaramin fistan da hannu ke turawa zai iya ɗaga babban fistan da ƙarfi ninki-ba-ninki, sai dai a hankali. A 1795 wani maƙerin makullai na Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa na farko mai aiki da wannan dabara. Jak ɗin mai da kanikawa ke ɗaga babbar mota da shi, wanda wasu ke kira kirik, jikan wannan injin ne.

A masana'anta aikin yana bin matakai. Dogon ɓurɓushi sai an fara daddatsa shi a injin niƙa, domin a nannaɗe ba ya shiga mazubi, toshe hanya yake yi. Daga nan a bi da shi ta rariya da mayen ƙarfe don a tsame ƙusoshi, guntayen sanda da karyayyun wuƙaƙen tur, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya isa ya fasa mazubin. Idan ya jiƙe sosai, a juya shi a injin wurwura mai kama da na matse wanki. Sai wata sanda mai murɗi ta tura shi cikin mazubin, ƙaramin fistan ya tattara shi, babban ya sauko masa da nauyin kilo 2000 zuwa 5000 a kan kowane santimita murabba'i. Man da ya rage yakan fito ta ƙananan kafofi ya taru a kasko, a tace shi a mayar wa injinan fere. A masana'antun da ke amfani da mai tsantsa mai tsada, kuɗin man da ake tatsowa kaɗai yakan biya wani babban kaso na kuɗin injin. Kamfanonin Jamus irin su RUF da Weima sun yi suna a ƙera waɗannan injina, kuma ana ƙera masu sauƙin kuɗi a Sin, Indiya da Turkiyya.

Curin da ya matsu da kyau, na baƙin ƙarfe lita gudansa takan kai kilo 5 ko ta ɗan haura. Na sanholo yakan kai kilo 2 zuwa 2,4, alhali tsantsarsa 2,7 ne. Laimar da ke saura a ciki ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Wurin da kayan ke ci yana raguwa sau 5 zuwa sau 20, ya danganta da irin ƙarfen da siffar ɓurɓushin.

Ba kowane mai narki ne ke son curi ba. Wasu manyan masana'antun sanholo sun fi son a kawo musu shi a sake: su busar da shi da zafi, su zuba shi cikin wani rami inda narkakken ƙarfe ke juyawa kamar idon ruwa yana haɗiye shi nan take. A wurinsu curin da ya kulle mai a cikinsa hayaƙi ne da datti. Akwai kuma wata dabara da aka sani tun shekarun 1940, inda ake dumama curin sanholo a tura shi ta ƙaramar kafa ya fito sanda, ba tare da an narka shi ba sam; har yanzu ta fi yawa a ɗakunan bincike fiye da kasuwa. Saboda haka kafin mutum ya kashe kuɗi a kan injin matsa, tambayar farko ita ce wa zai saya, kuma a wace siffa yake so.

Rarrabewa ta fi matsa muhimmanci

Curin da aka yi da gaurayen ƙarfe ya fi sakakken ɓurɓushi muni, domin sakakke ana iya tsince shi, curi kuwa ya rufe. Kuma akwai gaurayen da wuta ba ta raba shi. Jan ƙarfe idan ya narke cikin baƙin ƙarfe ya shiga ke nan, babu wata hanya mai araha ta fitar da shi. Ƙarfen gini, wato rodi, yana jure kusan kashi 0,4 cikin ɗari. Fallen da ake jikin mota da shi ba ya ɗaukar ko kashi 0,1. In ya wuce haka, ƙarfen yakan tsattsage yayin da ake murza shi da zafi. Haka baƙin ƙarfe cikin sanholo: yana sa shi gautsi, tukunya ta faɗi ta fashe maimakon ta lotse. Ma'aunin tsohon ƙarfe na Turai ya ware wa ɓurɓushi aji biyu saboda wannan dalili, E5H ga wanda yake iri ɗaya kuma an san asalinsa, E5M ga gauraye, kowanne da farashinsa.

A ƙaramin shago rarrabewar ba ta buƙatar inji. Bokiti ne ga kowane ƙarfe, da ɗabi'ar share kaskon tur kafin a ɗora wani aikin dabam. Mayen ƙarfe, ko da wanda aka ciro daga tsohuwar lasifika ne, yana jan baƙin ƙarfe da na zubi, ya bar sanholo da tagulla. Inda yake ruɗin mutane shi ne inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Wanda aka fi sani, mai kashi 18 na kurom da 8 na nikel, mayen ƙarfe ba ya kama shi a dunƙule, amma ɓurɓushinsa yakan ɗan amsa saboda wahalar da ya sha a bakin wuƙa. Kuɗinsa ya ninka na baƙin ƙarfe, don haka wanda ya bar shi ya faɗa bokitin baƙi ya yi kyauta bai sani ba. Tagulla da jan ƙarfe su ne sarakunan bokitai. Kilo ɗayansu ya fi kilo goma na ɓurɓushin baƙi. Yaron shagon da ya haɗa sharar yini wuri ɗaya don ya tashi da wuri, ya mayar da mai tsadar farashin mai arahar.

Jak da mazubi: lissafin mai ƙaramin shago

Injin masana'anta mafi ƙanƙanta yana cinye kilo gomomi a awa guda, yana kuma buƙatar wutar lantarki mai layi uku wadda ba ta yankewa. Shago mai tur ɗaya ko biyu zai yi kwanaki bai tara abincin awa ɗaya na wannan injin ba. Sai dai in masu sana'ar gari guda sun haɗa kai, ko wani dillalin gwangwan ya saya ya riƙa bi yana tattarawa. Abin da ke hannun mai ƙaramin shago shi ne jak, da firam ɗin da mai walda zai haɗa masa, irin wanda ake cire zoben gatari da shi.

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen faffaɗan mazubi don a samu babban curi. Abin da ke matse ƙarfe ba yawan ton ɗin jak ba ne kaɗai, yadda ton ɗin ya rabu a kan faɗin mazubin ne. Jak mai ton 20 a kan mazubi mai faɗin santimita 10 yana raba ƙarfinsa a kan santimita murabba'i 78, kowanne ya samu kilo 255 kawai. Abin da zai fito zai yi kama da curi, amma yana faɗuwa ƙasa zai watse. Wannan jak ɗin a kan mazubi mai faɗin santimita 4 yana aiki ne a kan santimita murabba'i 12,6, kowanne ya samu kusan kilo 1600. Wannan ya isa ya kama sanholo da jan ƙarfe, waɗanda ke da laushi, ya kuma ɗan riƙe baƙin ƙarfe mai laushi in an daddatsa shi.

Sai dai lissafin bai ƙare nan ba. Curin sanholo mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 4 nauyinsa kusan giram 100 ne. Goma ke yin kilo. In kowanne ya ci minti biyu tsakanin cikawa, bugun jak da fitarwa, kilo 3 ke nan a awa. Ga wanda zai narka sanholon da kansa, ko zai kai wa mai zubi kai tsaye, wannan wahala tana iya biya, tunda abin da zai koma toka ne ake cetowa. Ga baƙin ƙarfe kuwa ɓata lokaci ne. Kuɗin kilo 3 nasa ba zai sayi abincin ranar yaron da ya buga jak ɗin ba. Shi gara a daddatsa shi, a bar shi ya tsiyaye a tano mai huda a gindi da kasko a ƙarƙashi, a danna shi da taɓaryar ƙarfe, a rufe shi daga ruwan sama. Farar tagulla ma sau da yawa ba ta buƙatar matsa, tunda gajera ce kuma tana zama da nauyinta a buhu. Tsabta kawai take nema.

Mazubin kansa ba a yin sa da bututun famfo. Ɓurɓushin da ake dannawa daga sama yana tura bango ta gefe da ƙarfi mai yawa, siririn bututu zai kumbura ko ya tsage. Sandar ƙarfe mai kauri ake hudawa a tur, a bar mata bango mai kaurin da ya kai rabin faɗin ramin ko fiye, a buɗe ta sama da ƙasa, a sa mata faranti mai zamewa a gindi domin a turo curin waje da jak ɗin bayan an matse. Sandar dannawa kuma ta zauna a miƙe. In ta karkace ƙarƙashin ton 20 tana iya tsalle ta fita kamar harsashi, shi ya sa ake kange gaban firam ɗin da falle ko raga mai ƙarfi.

Wuta, ruwa da hannu

Tarin ɓurɓushin baƙin ƙarfe mai mai da laima yana iya ɗaukar zafi da kansa. Tsatsa konewa ce a hankali, tana fitar da zafi, kuma a tsakiyar babban tari zafin ba ya samun mafita har man ya kama. Dokokin jigilar kaya ta teku sun sa wannan kaya cikin ajin masu kama wuta da kansu, da lamba UN 2793, kuma akwai sharuɗɗan auna zafinsa kafin a loda shi a jirgi. A watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke haura digiri 40 a kudancin Nijar, tarin da aka jingina da bangon shago kusa da jarkar fetur ba abin wasa ba ne.

Garin sanholo in ya gauraya da tsatsa ya zama wani haɗi da ake walda layin dogo da shi, mai ƙuna da zafin da ya haura digiri 2000. Wannan wani dalili ne na raba sharar injin washi. Akwai kuma maganiziyom, ƙarfe mai kama da sanholo amma ya fi shi rashin nauyi, wanda ake samu a wasu murafan inji da jikin wasu zartunan inji. Ɓurɓushinsa na kamawa da farar wuta mai kashe ido, kuma ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Busasshen rairayi ake rufe ta da shi.

Haɗarin da ya fi kusa da masu zubi shi ne laima. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1700. Curin da ke da ɗigon ruwa a cikinsa, in aka danna shi ƙarƙashin narkakken ƙarfe, tururin ba shi da hanya sai ya yi bindiga ya watsa ƙarfen a fuska da ƙafafun na kusa. Sakakken ɓurɓushi yana bushewa a sama kafin ya narke, curi kuwa yana kai ruwansa har ƙasa. Wato amfaninsa shi ne kuma haɗarinsa. Ƙa'ida ita ce a jera curin a bakin murhu ya gasu har hayaƙin mai ya daina fita, kafin ya shiga tukunya. Shanya a rana ba ta wadatar ba.

Sauran kuwa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama a shagon tur: dogon ɓurɓushi yana yanka kamar reza, da ƙugiya ake jan sa ba da hannu ba, ba kuma lokacin da injin ke juyawa ba, ba a hure shi da iskar kwamfuresa, domin ido yake nema, farin ruwan da ya kwana biyu yana wari yana kawo ƙuraje a hannu.

Tukwanen abinci da dalma

A kasuwar Katako ta Yamai, da unguwannin maƙera na sauran garuruwa, ana narka tsohon sanholo a zuba shi cikin ƙasa a fitar da tukwane, ludaya da kaskon tuya. Nan ne kasuwa mafi kusa ga curin sanholo, kuma nan ne ya fi buƙatar hattara. Wasu ƙarafan da aka yi musamman don fere a tur, da gangan ake sa musu dalma domin ɓurɓushinsu ya riƙa karyewa gajere. Sandar farar tagulla ta aikin tur tana ɗauke da dalma kusan kashi 3 cikin ɗari, kuma akwai nau'in sanholon fere da shi ma ake sa masa ita. Ke nan sharar tur ta fi gwangwanin lemo yiwuwar shigo da dalma cikin tukunya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa da tsohon sanholo a Kamaru ya gano dalma na fita daga jikinsu yayin dafuwa, wani kuma da ya biyo baya a 2017 ya samu irin haka a tukwanen ƙasashe goma. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Curin da ba a san asalinsa ba, ko wanda ɓurɓushin tagulla ya shiga, wurinsa zubin abin da ba ya taɓa abinci ne, kamar kan murhu, hannun ƙofa ko kayan gyaran inji. Sharar masu tagogi, wadda sanholo iri ɗaya ce daga zarto ɗaya, ta fi ta tur aminci nesa ba kusa ba.

Kasuwa da hanya

Baƙin ƙarfe ba ya narkuwa a murhun maƙera, yana buƙatar zafin kusan digiri 1500, don haka makomarsa manyan tanderun lantarki ne. Daga kudancin Nijar hanyoyin da suka fi kusa su ne na Najeriya: Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, Damagaram zuwa Kano, Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato ta Illela. Katsina na da masana'antar murza ƙarfe da gwamnatin tarayyar Najeriya ta gina a farkon shekarun 1980, tare da irinta a Jos da Oshogbo, amma yawancin kamfanonin da ke narka tsohon ƙarfe su fitar da rodi suna yankin Legas da jihar Ogun ne. Najeriya ta sa tsohon ƙarfe cikin jerin kayan da ta haramta fitarwa waje, Gana ma ta hana fitar da na baƙin ƙarfe tun 2013, dukansu don tanderunsu na gida su samu abin ci. Wannan na nuna kayan da ake nema ne, ba shara ba. Tsabtataccen tsohon ƙarfe ba ya cikin sharar da yarjejeniyar Bazel ta 1989 ta ɗauka mai haɗari, amma wanda ya jiƙe da mai ko ya gauraya da guba hukuncinsa na iya canzawa a kan iyaka.

Masu saye suna ɗari-ɗari da curin da ba su san wanda ya matse shi ba, kuma suna da hujja. Ana iya cusa ƙasa, caɓin washi ko baƙin ƙarfe a tsakiyar curin sanholo, ido bai gani ba. Batun asali ma ba sabo ba ne a Nijar: ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009, sun samu tarkacen ƙarfe mai gurɓatar uraniyom a kasuwar Arlit, kuma manyan masana'antun narki a duniya suna kafa na'urar gano irin wannan a ƙofar shigar motoci. Don haka dillali yakan zaɓi curi biyu ko uku daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba. Ya sake ɗaya daga tsayin ƙirji a kan siminti ya ga ko zai watse. Ya raba wani da zarto ko kurfi ya duba cikinsa, ya bi shi da mayen ƙarfe. In kayan da yawa ne, ya auna kilo guda ya kai wa mai zubi a narka a gabansu, a sake auna abin da ya fito bayan an kwashe toka, a kan wannan nauyin na biyu ake yanke farashin sauran buhunan.